Kujerar Hajiya Aina'u

Kujerar ta iso ranar Juma'a a bayan mota, a naɗe da leda. Ƙafafunta na ƙarfe ne, mazauninta katifa, a gabanta kuma akwai wani ɗan allo mai laushi da ake janyowa a ɗora goshi. Daga Madina aka sayo ta. Fanta ta zagaya ta tana shafawa tana sa albarka. Hajiya Aina'u ta kalle ta sau ɗaya, ta mai da fuskarta bango.

Ɗanta ne ya kawo, Alhaji Muhammad Awwal, mai sayar da hatsi a Dawanau, mazaunin Bachirawa. Shi ne ɗanta na fari, don haka tun ranar suna ba ta taɓa faɗar sunansa ba. Da aka yaye shi, ƙanwarta Fanta ce ta ɗauke shi ta riƙe, kamar yadda aka saba. Idan ya zo gaisuwa a bakin ƙofa yake tsugunawa, ita kuma ta dubi wani wuri ta amsa da lafiya lau da madalla. Abin da ya wuce haka sai ta bakin Fanta. In ya zama dole ta ambace shi, sai ta ce na Bachirawa.

Ba mugun ɗa ba ne, kuma wannan ne ya fi ba ta haushi. Da ya kai ta Makka ta dawo, ya ce Hajiya ba ta daka, aka ba da turmi da taɓarya. Ya ce Hajiya ba ta jan guga, aka haƙa burtsatse, aka kafa tanki, famfo har ƙofar ɗaki. Awakin da take yi wa ciyawa aka kai su kiwo wani gida. 'Yar gonar gyaɗarta ta bayan gari aka sa 'yan ƙwadago, sai dai a kawo mata buhu. Tsakar gidan ma aka malale shi da siminti, ban da gindin darbejiya, saboda saiwa. Ya ɗauko Fanta, wadda mijinta ya rasu, ya ajiye ta a gidan ta riƙa girki da shara. Duk abin da ya ɗauke, magana ɗaya yake bari a gurbinsa: Hajiya ta huta.

Ta huta. Jikin da ya saba zuwa kasuwar Tsanyawa a ƙasa ya dawo da kaya a ka, ya koma bai san komai ba sai daga gado zuwa tabarma. Ta yi ƙiba. Ƙafa ta fara kumburi. Wata la'asar ta yi sujada ta kasa ɗagowa, sai da Fanta ta kira maƙwabciya suka ciccibe ta kamar buhun dawa. Kafin magariba labari ya isa Bachirawa. Abin da ya kawo kujera ke nan.

Tun daga ranar a zaune take salla. Liman ya aiko mata cewa ya halatta, ladan ba ya raguwa. Ba ta musa ba. Amma duk lokacin da ta janyo allon nan ta ɗora goshi sai ta ji warin roba, zuciyarta ta tafasa a tsakiyar tasbihi. Ta idar ta yi istigfari, haushin ya dawo sabo.

Maimunatu ce ta fara gaya mata gaskiya. Ita ce ma'aikaciyar ɗan asibitin garin, mace marar yawan magana. Ta auna jinin Hajiya, ta lanƙwasa gwiwar ta miƙar, ta ce jini ya hau, gwiwa kuma ba mutuwa ta yi ba, zama ne ya cinye ta. Ta ce akwai tsofaffin mata da take tarawa da safe a filin Islamiyya, tunda yara sai da yamma suke shiga. In Hajiya tana so ta zo, ta taho da taɓarya. Hajiya ta ce ba ta da taɓarya, an bayar. Maimunatu ta ce ta ara.

"Goshina zai koma ƙasa?" in ji Hajiya.

"Ban yi miki alkawari ba. Amma a kan kujera dai ba zai koma ba."

Washegari ta ari taɓarya a maƙwabta ta fita. Fanta ta bi ta har zaure tana mita, wai me za a ce wa Alhaji in ta faɗi.

A filin ta tarar da matan da suka yi 'yanmatanci tare, duk sun tsufa, kowacce da taɓaryarta. A cikinsu akwai Hafsatu, taubashiyarta, mai ƙuli-ƙuli, siririya kamar kara, wadda bakinta bai taɓa hutawa ba. Tana hango ta ta ce a buɗe hanya, ga Hajiyar Madina, ina aka baro karagar mulkin. Hajiya ta ce ta bar wa mijin Hafsatu ita, tunda shekara da shekaru bakin matarsa ya hana shi zama. Aka yi dariya. Maimunatu ba ta yi ba, ta ce a jeru.

Aikin ba wani abin kallo ba ne. A riƙe taɓarya da hannu biyu a ɗaga sama a sauke. A zauna a bencin yara a tashi ba tare da dafa gwiwa ba. A kama ƙarfen taga a tsuguna iya inda za a iya. Sannan a zagaya filin, mai sauri ta jira marar sauri. Ranar farko Hajiya ta zauna a benci, benci ya riƙe ta. Ta yunƙura, ta koma. Ta sake, ta koma. Hafsatu ta miƙo hannu, Maimunatu ta ce ta janye shi. Hajiya ta tsine wa bencin da wanda ya sassaƙa shi, ta tashi da dafa gwiwa, ta tafi gida ba sallama. Jikinta ya yi tsami kamar an yi mata duka. Da safe ita ce ta riga kowa zuwa.

Kafin ruwan farko ya sauka ta fara tashi daga benci hannunta a ƙirji. Kafin gero ya kai gwiwa, kumburin ƙafa ya saɓe, kuma tana iya kai gwiwa ɗaya kan tabarma in ta dogara da taɓarya. Ba ta gaya wa kowa ba, amma a cikin salla ta fara auna tazarar da ke tsakanin allon kujera da ƙasa.

Sai wasu baƙi suka zo daga birni don su ga shirin. Ɗayansu ya ɗaga waya, bai tambayi kowa ba. A hoton Hajiya ce a gaba, taɓarya a sama, mayafi ya zame, tana haki. Daga waya zuwa waya abin ya isa Dawanau.

Fanta ce ta kawo labarin abin da aka faɗa a kasuwa, tana share hawaye. Wani ya tambayi Alhaji ko injin niƙan garinsu ne ya lalace. Wani ya ce in abin ya kai haka ai sai a haɗa masa taimako, ba a ɓoye wa 'yan'uwa. Wani ya ce mutum yana loda wa tirela masara, uwarsa tana daka iska.

Ranar Juma'a ya zo. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya yi gaisuwa, ta amsa wa bango. Sannan ya juya ga Fanta, wadda yake kira Inna, ya ce a tambayar masa Hajiya me ta rasa. Me ya rage bai yi ba? Wane laifi ya yi da za a riƙa yawo da mahaifiyarsa a waya kamar 'yar wasan kwaikwayo? Ya gama ya koma zaure ya jira amsa, kamar kullum.

Hajiya ta ce wa Fanta, "Ki ce masa ba abin da na rasa sai ƙafata, kuma a filin nan nake nemanta. Ya bar ni."

Tsakanin ɗaki da zaure saƙon ya canja kaya. Abin da Alhaji ya ji shi ne Hajiya ta gode, ƙafa ce ke damunta, kuma ta ji maganarsa. Ya ce zai aiko da maganin shafawa mai kyau. Daga nan ya biya wajen malamin Islamiyya, wanda shi ya yi wa makarantarsa rufi lokacin da iska ta yaye kwano. Ya kuma biya gidan dagaci.

Da safe matan suka tarar da kwaɗo a ƙofar filin. Malam ya aiko cewa don karatu aka kewaye wurin. Dagaci ya sa aka gaya wa Maimunatu ta dakata tukuna, za a yi shawara. Kowa ya san irin shawarar da ba a zama a yi ta.

Hafsatu ta shigo gidan ba sallama, ba wasa a fuskarta. Ta tsaya a kan simintin tsakar gida ta ce ɗan Aina'u ya ji kunya a kasuwa, su aka kulle. Ta ce ƙawarsu Tahira da sukarinta ya fara sauka fa, da mai ciwon baya da ta fara ɗaukar jikanta, su wa suka yi wa laifi?

"Ke kina da kujerar Madina. Mu in muka zauna, a ƙasa za mu ruɓe."

Da Hafsatu ta fita Hajiya ta kira Fanta ta tambaye ta me ta faɗa a zaure. Fanta ta ce ta faɗi abin da ya dace uwa ta faɗa wa ɗa. Ita ta goya shi, ita ta yi jinyar ƙyandarsa, ba za ta ɗauki magana mai zafi ta kai masa ba. Ta ƙara da cewa mata nawa ne a garin nan suke roƙon Allah ya ba su ɗa irin wannan.

Hajiya ta kalli wayar da ya saya mata, wadda ba ta taɓa kiransa da ita ba. Ta ɗauka ta ajiye. Uwarta ta mutu ba ta taɓa haɗa ido da yayansu, ɗanta na fari, ba, kuma an yaba mata a kan haka har a wajen zaman makoki. Harshen da aka ɗaure tun yana ɗanye ba ya kwancewa don mai shi ta ji haushi.

Zama ya dawo, gwiwa ta fara komawa inda ta fito. Ta ji shi a safiya, wajen saukowa daga gado. Ta yi salla a kan kujera tana jin kamar allon nan yana yi mata dariya.

Ana haka aka ce Safiyatu, ƙawarsu da aka aurar a ƙauyen gaba tun suna yara, ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Hajiya ta yafa mayafi, ta ɗauki taɓaryar aro ta mai da ita sanda, ta tsaya a ƙofar Hafsatu ta ce ta fito su je dubiya. Hafsatu ta ce a ƙasa? Ta ce a ƙasa, kuma a biya wa Tahira da sauran.

"Wa zai sa wa dubiya kwaɗo?" in ji Hajiya.

A wannan yanki gona tana bin gona, ƙauye yana kallon ƙauye. In ka fita daga wannan, kafin ka gaji ka ji kukan zakaran wancan. Suka bi burtali tsakanin gero da dawa, laka tana kama takalmi. Suka sami Safiyatu a kwance, baki ya karkace, ido ne kawai ke gaisuwa. Hajiya ta daɗe tana kallonta. A hanyar dawowa ta ƙara sauri.

Daga ranar ba su rasa wurin zuwa ba, don ba a rasawa. Yau barkar haihuwa, gobe gaisuwar rasuwa, jibi duba wanda maciji ya sara. Ranar da aka rasa dalili suka je jaje gidan wani da jakinsa ya mutu, mutumin ya fito yana mamaki, ya ce bai san marigayin yana da jama'a haka ba. A kowane gida kuma dole a durƙusa a gai da masu gida, a zauna a tabarma, a tashi. Da Maimunatu ta ji, ta yi dariyar da ba su taɓa gani ba. Ta ce su fita da ruwa, su dawo kafin rana ta yi zafi, kuma kada wadda ta ja wata daga tabarma sai ta ga abin ya gagara. Ranar da ba ta da aiki takan sa hijabinta na gida ta bi su a matsayin 'yar rakiya, tana gyara wa wannan tsayuwa, tana hana waccan gaggawa.

Labari ya sake zuwa Bachirawa: an ga Hajiya a ƙasa a hanyar Tsanyawa, laka har idon sawu, kamar mai talla. Alhaji ba zai iya hana zumunci ba, bakin duniya ba zai bar shi ba. Sai ya aiko da keken A Daidaita Sahu sabo fil, da direba, wani magidanci mai suna Ado. Umarnin da aka ba shi: duk inda Hajiya za ta, ya kai ta, kuma kujera ta bi ta saboda salla.

Ado ya tsuguna a zaure ya ce Hajiya ta rufa masa asiri, yana da iyali, in aka gan ta a ƙasa shi yana kan keke, aikinsa ya tafi. Ta tambaye shi an ce ya bi ta duk inda za ta? Ya ce an ce. An ce ya ɗauki kujera? Ya ce an ce. Ta ce to ya yi abin da aka ce.

Aka ɗaure kujerar a kujerar baya. Matan suka zuba ƙorai da butocin ruwa a gefenta, suka yi gaba. Ado ya biyo su a hankali, injin yana tari, kujera a hakimce kamar amaryar da ake rakawa. Manoma suka riƙa ɗagowa daga noma suna kallo. Ba a jima ba suka fara gaishe ta. In keken ya zo wucewa sai ka ji an ce wa kujera, Hajiya barka da hutawa, ya gajiyar hanya. Ado ya sunkuyar da kai. Hafsatu takan amsa a madadinta, ta ce Hajiya ta gode, ba ta magana da talakawa.

Wannan ma ya isa Dawanau, kuma ya fi na farko daɗin ba da labari.

Alhaji ya kira Fanta ya ce ya gaji. Ya gyara ɗaki a Bachirawa, da banɗaki a ciki, asibiti kuma kusa. Hajiya za ta koma can. Fanta ta faɗa mata. Hajiya ta ce ta gaya masa ba inda za ta. Abin da Fanta ta gaya masa shi ne Hajiya ta yi shiru, kuma kowa ya san ma'anar shirun uwa.

Bai jira Juma'a ba. Suna dawowa daga wajen Safiyatu da hantsi suka tarar da motarsa ta tare bakin burtali, inda hanyar ta fita titi. Fanta tana zaune a baya. But ɗin motar bai rufu ba, an ɗaure shi da igiya. Hajiya ta ga akwatunanta, ta ga bargonta, ta ga butar alwalarta a saman kaya.

Ya fito cikin shadda ya tsuguna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya gai da matan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya dubi Hafsatu ya ce Gwaggo ta roƙar masa Hajiya ta shiga mota, rana tana yi.

Hajiya ta dubi Fanta. Fanta ta dubi cinyarta. Ta dubi Hafsatu, Hafsatu ta kau da kai, don wannan ba maganar taubasai ba ce. Ba sauran bakin da za a ara.

"Awwalu."

Hafsatu ta kai hannu baki. Tahira ta yi salati a hankali. Ado ya kashe injin. Alhaji ya ɗago, ya ga idonta a kansa, ya rasa inda zai sa nasa.

"Da kai nake. Ka kwashe turmina na yi shiru. Ka kwashe guga da awaki da gona na yi shiru. Shirun nan ba yarda ba ce, kunya ce. Kai ma ka san kunya ce, ka mai da ita yarda don ta fi maka sauƙi."

Ya fara magana, ba ga Hafsatu ba, ba ga Fanta ba, ga ita, kuma ya yi ta tuntuɓe don bai saba ba. Ya ce yana yaro yakan tsaya a ƙofar gidan Inna ya hango ta ta dawo da itace a ka, dunduniya duk faso, ta wuce ba ta dube shi ba. Tun lokacin ya yi rantsuwa in Allah ya ba shi, ba za ta ƙara ɗaga tsinke ba. Ya ce ba ta san abin da ake faɗa masa a kasuwa ba. Ya ce in don salla ce, ai malamai sun ce ta yi a zaune, an yarda.

"An yarda wa wanda ya kasa," in ji ta. "Ni ba kasawa na yi ba, ajiye ni aka yi. Ka shiga ƙauyen nan ka dubi Safiyatu, ita ce ta kasa. Ina so in kai goshina ƙasa da ƙafata kafin ku kai shi da hannunku. 'Yan kasuwarku su yi ta dariya. Ba su za a tambaya sallata ba."

Da ya yi magana muryar ta yi ƙasa.

"Tun ina yaro nake so in ji sunan nan a bakinki. Ashe a kan hanya zan ji shi, a gaban mutane."

"Kai ka tare hanyar."

Ta ce a sauke mata kayanta, kuma a buɗe wa mata filin Islamiyya. Ya tashi, gwiwar shaddarsa duk laka. Ya kwance igiyar da kansa, ya ɗauki akwatunan ɗaya bayan ɗaya ya loda wa Ado. Butar ya ajiye ta a gabanta. Maganar fili bai ce komai ba. Fanta ta fito daga motar tana kuka, tana cewa Yaya ta zubar da abin da ba ya kwasuwa. Ya shiga ya ja mota, bai waiwayo ba.

Suka kama hanyar gida. Sai da suka hango rumbunan bayan gari Hafsatu ta ce ashe dai ta san sunan, ita ta ɗauka mantawa ta yi. Ba wadda ta yi dariya. Hajiya ta ce wa Ado in ya sauke akwatuna ya juya ya kai wa Safiyatu kujerar, ya ce wa 'ya'yanta su riƙa ɗaga ta suna zaunar da ita.

Juma'a ta zo bai zo ba. Ta bayanta ma haka. Shinkafa da mai da maganin shafawa suna zuwa a kan kari, ba saƙo. Kwaɗo yana nan a ƙofar fili, har ya fara tsatsa. Gari ya rabu biyu a kan maganar, kuma ɓangaren da ya fi yawa ya ce Hajiya ta yi rashin ta-ido, tsufa ya zo mata da gardama. Wasu gidajen da suka je gaisuwa an karɓe su a tsaye. Biyu daga cikin matan 'ya'yansu suka hana su fita. Fanta tana girki, ta ajiye kwano a bakin ƙofa ta juya, ba uffan. Ado yana zuwa kullum da safe, don ba wanda ya ce masa ya daina, ya bi su da keke ba kowa a ciki sai butoci.

Hajiya tana salla a bakin gado. Maimunatu ta ce kada ta yi gaggawa, gwiwa ba ta son a yi mata tsawa. Ta koya mata yadda za ta sauke ɗaya, sannan ɗayar, hannu a kan taɓarya, da yadda za ta hau ta koma. Sun yi ta maimaitawa a gidajen mutane, a kan tabarmin barka da na makoki.

Bayan an yanke gero, wata la'asar, ta yi alwala ta ɗauki taɓarya ta nufi gindin darbejiya, inda siminti bai kai ba. Ba ta ɗauki darduma ba. Ta share busassun ganye da ƙafa. Ta ce wa ƙofar madafa, inda Fanta take, duk abin da aka ji kada a zo.

Ta tayar da salla. Ta yi ruku'u, ta ɗago. Ta kama taɓarya ta sauke gwiwar dama, ta ji kamar an soka mata ƙusa. Ta sauke ta hagu. Ta saki taɓaryar, ta dafa ƙasa da tafin hannu biyu, ta sunkuya. Ƙasar tana da sanyi, tana ƙamshin ruwan da aka yi kwanan baya. Ta yi tasbihi, ta ƙara, ta ƙara, ba ta son ɗagowa.

Tashi zuwa raka'a ta biyu ya ɗauki lokaci, da nishi. A ta uku gwiwa ta ƙi sam. Ta ƙarasa a zaune a ƙasa, amma kowace sujada goshin ya sauka inda ya kamata. Ta yi sallama ta zauna tana mai da numfashi. Sannan ta kafa taɓarya ta bi ta a hankali, hannu bisa hannu, har ta miƙe.

Fanta tana tsaye a ƙofar madafa da muciya a hannu. Ba a san tun yaushe ba.

"Akwai ƙasa a goshinki, Yaya."

"Na sani."

Fanta ta juya muciyar a hannunta. Ta ce ko ta kira shi ta gaya masa.

"Bar shi. In ya zo ni zan gaya masa. Akwai ma sauran maganar makullin fili."